Yini Guda a Kanchanaburi

Da sassafe muka bar Bankok, jirgin ƙasa yana ratsa gonakin shinkafa da rake. Yawon buɗe ido ya kai mu: hoto a kan gadar Kogin Kwai, soyayyar ayaba a hannu. Sai a maƙabartar sojoji jikinmu ya yi sanyi. Kaburbura kusan 7,000, galibi da suna da shekaru. Fursunonin yaƙi ne da Japanawa suka tilasta wa shimfiɗa dogo mai kilomita 415 zuwa Bama, daga 1942 zuwa 1943. Leburorin Asiya da suka mutu sun ninka su. Muka tambayi kaburburansu, jagoranmu ya nuna daji. A hanyar komowa muka yi ta lissafa tsofaffin sojan Bama na unguwarmu, waɗanda suka rasu ba mu rubuta labarin ko ɗaya ba.