Paris ko Granada: ina kuɗinka zai fi auki?

Yau zancen tafiya ne, irin wadda matasan Turai ke yi da jakar goyo ɗaya: a kwana masaukin matasa mai gado kan gado, a ci abincin kan hanya, a sha yawo da ƙafa. Birane biyu na taka ta wannan hanyar, Paris ta Faransa da Granada ta kudancin Espanya, kuma su zan auna muku.

Mu ɗauki ma'auni tukuna: yuro ɗaya sefa 656 ne, yuro 10 kenan jika shida da rabi da ƴan kai.

A Paris, abin da ya fi cin aljihu wurin kwana ne da sufuri. Kuɗin da na biya na gado ɗaya a dare ɗaya, cikin ɗaki na mutum takwas, ya kusa biya mini dare biyu a Granada. Garin kuma faɗi gare shi, dole ka shiga metro, wanda tikitinsa ya koma yuro 2.50 a 2025, wajen sefa 1,640. Gidan tarihi na Louvre, tun Janairun 2026, yuro 32 yake karɓa daga wanda ba ɗan Tarayyar Turai ba, kusan jika 21.

Amma Paris na da rangwamen da ba a rubuta shi a takarda: harshe. Wanda ya yi lakwal a nan zai karanta allo, ya tambayi hanya, ya yi gardama in an cuce shi. In ka sauka Château-Rouge sai ka rantse kasuwar gida ce, ga kuɓewa, ga busasshen kifi, ga shinkafa da miya mai sauƙin kuɗi. Babban masallacin birnin, na 1926, yana nan. Gidan tarihi na Quai Branly, inda kayan Afirka suke, kyauta ne ranar Lahadin farko ta kowane wata.

Granada kuwa ƙaramin gari ne, ƙafarka ce motarka. Akwai al'adar da suke kira tapas: ka sayi abin sha, ko lemo ne, a haɗo maka da ɗan faranti na abinci kyauta. Sai dai ka tambaya kafin ka kai baki, don naman alade ya yi yawa a girkinsu. A titin Calderería Nueva akwai masu shayi da masu abincin halal. Abu ɗaya da ya wajaba ka biya shi ne fadar Alhambra, wadda sarakunan Musulmi suka gina kafin garin ya fita hannunsu a 1492. Kuɗin shiga wajen yuro 20 ne, kuma a intanet ake saye tun da wuri, don tikitin na ƙarewa. Da maraice ka hau unguwar Albaicín, kusa da masallacin da aka buɗe a 2003, ka kalli fadar da duwatsun Sierra Nevada a bayanta, ko dala ba za ka biya ba. Matsalar ita ce Espanyanci: ni da hannu na yi rabin cinikina.

To, a nan ne lissafinmu ya rabu da na Bature. Shi jakarsa kawai zai ɗauka. Mu tafiyarmu a tagar biza take farawa. Bizar Schengen yuro 90 ce tun Yunin 2024, jika 59, kuma in an hana ka ba a mayar maka. Sai inshorar lafiya da ta kai yuro 30,000. Sai shaidar guzuri, inda abin mamakin yake: Faransa na neman yuro 65 a rana ga mai takardar otal, yuro 32.50 ga wanda wani ya yi masa takardar masauki, alhali Espanya na neman sama da yuro 100 a rana, kuma jimilla ba ƙasa da yuro 1,000 ba ko da kwana uku za ka yi. Wato garin da ya fi araha shi ya fi son ganin kuɗi a asusunka. Ga shi kuma ofishin jakadancin Faransa a Yamai ya rufe tun Janairun 2024, jirgin Air France ma ya daina zuwa tun Agustan 2023. Yanzu sai an bi ta wurare irin su Kasablanka ko Istanbul.

Hukuncina? In kana da ɗan uwa a Paris da zai ba ka katifa da takardar masauki, je ka Paris, an ɗauke maka babban nauyi. In ba ka da kowa, amma asusunka zai iya nuna abin da ake nema, Granada ta fi: kuɗin da ka nuna, da yawansa zai dawo gida tare da kai.

Shawara ta ƙarshe, ƙannena: kar a sayar da gona ko babur saboda yawon mako ɗaya, kuma kar a ci bashi a zuba a asusu don rufe idon masu biza. Ranar da aka rubuta maka ka fita, ka fita, domin wanda ya zarce yana rufe wa kansa ƙofa, yana kuma ƙara wa na bayansa wahala.

Ku fa, wanne za ku zaɓa? Allah shi kai mu lafiya, shi maido mu lafiya.