Ƴan Ramuka Biyu da Sanyin Jura

A jikin mota babu abin da aka raina kamar ƴan ramukan nan biyu da ke bisa kapo, masu fesa ruwa kan gilashin gaba. Faɗin kowanne bai wuce kan allura ba. A nan gida akwai direbobin da suka shekara goma ba su zuba ruwa cikin tankinsu ba. Tsumma da buta sun ishe su. Amma a ƙasashen da ƙanƙara ke sauka, ran matafiyi kan rataya ga waɗannan ramuka. Dama Bahaushe ya ce ɗan hakin da ka raina shi ke tsone maka ido.

Dalili kuwa shi ne gishiri. Idan sanyi ya kankama, ana watsa gishiri kan hanyoyi domin ƙanƙara ta narke. Tayoyin manyan motoci su kwashi wannan laka su watsa wa na baya, iska ta busar da ita nan take, gilashi ya yi fari fat kamar allon aji da aka goge da busasshen tsumma. In ka kunna abin share gilashi ba ruwa, sai ya ƙara dama ta. Ga rana can ƙasa-ƙasa tana dukan ido. Mai karatu ya yi lissafi da kansa: mota mai gudun kilomita 90 a awa tana cin mita 25 kowace daƙiƙa. Daƙiƙa huɗu na makanta, mita 100 ke nan.

Na ga haka da idona a watan Janairun 2017, lokacin da na je wani horon malamai a Besançon, gabashin Faransa. Wani dattijo ɗan Tasawa, wanda ya daɗe yana aikin rarraba kaya a yankin, ya ɗauke ni zuwa Pontarlier, cikin duwatsun Jura. Yankin ba na wasa ba ne: a ƙauyen Mouthe, kusa da can, aka auna digiri 36,7 ƙasa da sifiri a Janairun 1968. Motar ta surukinsa ce, kwananta biyu da zuwa daga Marseille, kuma ruwan da ke cikin tankinta na lokacin zafi ne, wato ruwa da ɗan sabulu. Muna cikin hawa wata babbar mota ta yi mana feshi. Ya ja sandar ruwa, ko ɗigo. Ya rage gudu, ya samu wuri ya tsaya, ya damƙi dusar ƙanƙara ya goge gilashin da hannu.

Abin da ya burge ni shi ne bai fara buɗe kapo ba. Cewa ya yi: "Malam, kashe rediyo ka kasa kunne." Ya sake jan sandar sau ɗaya tak, muka ji ɗan famfon yana gurnani. Na ce: "Baba, me ka ji?" Ya ce famfo lafiyarsa lau, hanya ce ta toshe. Da shiru muka ji, da zancen ya koma kan fizibil, ko famfon da ƙanƙara ta riƙe, ko wanda ya riga ya mutu. Kuma ya hana kansa maimaitawa, domin famfon da ake ta tilasta wa tura ƙanƙara yakan ƙone ko ya tsinke fizibil, ƙaramar matsala ta haifi babba.

Saura a gano inda ruwan ya daskare, don wurare uku ne: tanki, tiyo, da bakin ramukan. Mutum zai zaci zafin inji ya isa ya narkar da kome. Ba haka ba ne a yawancin motoci, saboda tankin yana can ƙasa, bayan fitila ko kusa da taya, inda iskar hanya ke dukansa. Da muka leƙa, na motarmu ya zama curi guda. Ruwa in ya daskare yakan ƙara girma da kusan kashi 9 cikin 100, abin da kan tsage tanki ko ya ture tiyo daga mahaɗarsa. Shi ya sa bayan an narkar sai a duba ƙarƙashin mota, ko akwai yoyo.

Maganin ba shi da wata bajinta: ɗumi da haƙuri. Wani makanike ya shigar da motar cikin garajinsa, ya bi tiyo da ramukan da na'urar busar da gashi, muka zauna fiye da awa guda. Ruwan zafi fa? Mai ɗumi-ɗumi kan ramukan kaɗai ba laifi, in an tsane wurin daga baya. Tafasasshe kan gilashi mai sanyi kuwa ganganci ne, yana iya tsaga shi.

Wurin da mutane da yawa ke tuntuɓe shi ne bayan narkewar. Sai su sayo bidon ruwan sanyi, mai alkol, wanda aka rubuta masa digiri 20 ƙasa da sifiri, su tuttula kan tsohon, su ɗauka an gama. Alhali an surka shi, ƙarfinsa ya ragu, kuma tiyo na nan cike da tsohon ruwa. Dole a fitar da tsohon, a zuba sabo, a yi ta fesawa har a ji warin alkol a bakin ramukan. Ko da hakan, alkol ya fi ruwa saurin bin iska. Ɗigon da ya kwana a bakin rami yakan rasa alkol ɗinsa ya daskare, shi ya sa wasu motoci ke zuwa da ramuka masu ɗumama kansu da lantarki.

A matsayina na mai koyar da harsuna biyu, na lura makaniken ya yi amfani da gel, da givre, da verglas, kowace da ma'anarta, ni kuwa duk ƙanƙara nake fassara su a raina. Ban ga kasawar Hausa a nan ba. Da zai zo Damagaram, da shi ma ya rasa yadda zai raba hazo da ƙura da buji.

Abu biyu dattijon ya ja mini kunne a kansu. Kada a zuba ruwan sanyaya inji cikin wannan tanki, ko da shi ma ba ya daskarewa: yana barin maiƙo kan gilashi, yana ɓata fenti. Sannan allura. Tana da amfani ga tsofaffin ramuka masu fitar da ruwa tsinke guda, in datti ko sabulu ya toshe su. Sababbin, masu baza ruwa kamar mafici, allura lalata su take yi. Su sai a cire, a jiƙa cikin ruwan ɗumi, a hura.