A Hanya Suka Zube

Wata ranar Asabar da hantsi, mai ɗakina ta aiki ɗanmu na uku shagon bakin layi, ta ce ya sayo gishiri da ashana da sabulu, in zai dawo kuma ya biya maƙwabta ya karɓo rariya. Shekararsa bakwai a lokacin, yana aji biyu na firamare. Sai bayan rabin sa'a ya shigo da ashana kaɗai, yana ba mu labarin wani ɗan akuya da ya faɗa kwata. Ban tsaya jin ba'asi ba, na tsinko reshen darbejiya na zane shi. Yana kuka yana cewa, "Baba, wallahi na riƙe su, a hanya suka zube."

Na ɗauki maganar nan rainin wayo. Dama malamarsu ta sha kawo ƙara cewa ba ya zama wuri ɗaya, ba ya gama kwafar abin da ke kan allo, kullum fensirinsa a ɓace. Ni kuwa da na shekara goma sha takwas ina koyar da lissafi a sakandare, na saba da maganin irinsu, wato bulala, don an ce icce tun yana ɗanye ake tanƙwara shi.

Da dare maganar yaron ta hana ni barci, sai na tuno darasin halayyar yara da muka yi a kwalejin horon malamai. A 1974 wasu masana biyu a Birtaniya, Baddeley da Hitch, suka bayyana cewa ƙwaƙwalwa na da wata 'yar ma'ajiyar wucin gadi, inda take riƙe abu na ɗan lokaci tana aiki da shi. Kamar faifai ne, in ya cika sai wani abu ya faɗi. A 2001 wani masani mai suna Cowan ya nuna cewa faifan baligi ma abu huɗu ko kusa da haka yake ɗauka, na yaro kuwa bai kai nan ba. To, mu abu huɗu muka ɗora masa, ga lissafin canji, ga ɗan akuya. Ashe gaskiya ya faɗa.

Muka kai shi wurin likitan yara. Ya fara duba kunnensa, ya tambayi barcinsa da abincinsa, don yunwa da rashin barci ma kan hana natsuwa. Bayan zuwa da yawa da jin ta bakin malamarsu, ya ce yaron na da lalurar ƙarancin natsuwa da ake kira ADHD, wadda wani likita, George Still, ya siffanta alamunta a Landan tun 1902. Takan shafi yara kusan biyar cikin ɗari, kuma da yawansu faifan nan nasu ƙarami ne. Ya ce, "Malam, duka tsoro yake ƙara masa, tsoron kuma ya cinye ɗan gurbin da ya rage."

Yanzu abu biyu muke aikensa, ya maimaita da bakinsa kafin ya fita, in sun fi haka a rubuta masa. A aji an dawo da shi gaba. Hikimar nan ma tana nan a makarantar allo: malam kan rubuta wa yaro ɗan kaɗan, sai ya riƙe sannan ya wanke a ƙara masa.

Abin da ke damuna shi ne ɗaliban da suka wuce ta hannuna, waɗanda kan manta lambar da suka ajiye a tsakiyar lissafi, na kira su daƙiƙai a gaban aji. Wasunsu sun bar karatu. Mu marubuta kuma mun saba sa irin wannan yaro cikin labari don a yi dariya. Ina roƙon 'yan'uwa, kafin mu sake rubuta shi a matsayin dolo, mu zauna da shi mu ji abin da ke zube masa a hanya.