Askirim da Zafin Afirilu

A Ƙaura Namoda da Shinkafi, inda zafin Afirilu kan wuce digiri 40, yaro ba ruwansa da ingancin askirim. Zaƙi da kala sun ishe shi. Dubawa tana wuyan babban da ya riƙo hannunsa. A ganina, abin lura na farko shi ne ko sanyin ya taɓa yankewa. Wanda ya narke aka sake daskarar da shi yakan tona kansa: ya taru gefe guda a leda, a harshe kuma ka ji ɓarɓashin ƙanƙara maimakon laushi. Madara ce da sukari. In suka ɗumama ƙwayoyin cuta na hayayyafa, daskarewa kuwa ba ta kashe su.

Wani zai ce ai akwai lambar NAFDAC a jiki. Tana da amfani, amma shaidar masana'anta ce, ba ta san awannin da firiza ta yi babu wuta a Zurmi ba. Wani ya ce an tsananta wa mai ƙaramin jari. Ina tausaya masa ƙwarai, man janareto na cinye ribarsa. Sai dai gudawa ga ɗan yaye ba ƙaramin abu ba ce, kuma ba kowane ƙauye ke kusa da asibiti ba.