Rumbun Wuta da Mai Awonsa

Mu da muke zaune a bayan gari, inda turakun wuta ba su iso ba, mun daɗe da gane cewa samar da lantarki a gida ba shi ne babban aiki ba, sarrafa shi ne aikin. Faifan sola a kan rufi, fankar iska a kan dogon ƙarfe, batura a ɗaki, duk kuɗi ne ke saye. Abin da ke sa su yi ƙarko kuwa wata 'yar na'ura ce manne a bango, wadda masu haɗa sola ke kira kwantirola.

A wurinmu batir rumbu ne, rana da iska gonaki biyu, kwantirola kuma shi ne mai awo. Dalilin noma gonakin biyu a fili yake. Da hunturu, hazo da ƙura sukan rage ƙarfin sola, a lokacin nan ne kuma iska ke kaɗawa. Da damina hadari kan rufe rana, kuma kullum ta Allah sola na kwana da faɗuwarta, ita kuwa iska ba ruwanta da dare.

Sai dai halin gonakin biyu ya bambanta, nan ne gizo ke saƙar. Idan batir ya cika, kwantirola na iya yanke sola kawai, faifan ya zauna a rana ba abin da zai same shi. Fankar iska ba a yi mata haka. Wutar da ake ja daga gare ta ita ce linzaminta. Aka yanke ta ana tsakiyar iska, sai ta yi ta gudu babu birki har fukafukanta su karye ko injin ya ƙone. Ƙarfin iska kuma ba a hankali yake hawa ba: idan gudunta ya ninka sau 2, ƙarfin da ke cikinta ninkawa yake sau 8. Wanda ya san guguwar farkon damina ya san abin da muke nufi. Shi ya sa kwantirolan iska ba ya yankewa, juya rarar wutar yake zuwa wani abin da zai cinye ta. Mu hitar ruwa muka ba wannan aiki, sai ga shi da asubahin hunturu muna alwala da ruwan da iskar dare ta ɗumama.

Ɗiba daga rumbu ma da ƙa'idarsa. Batir mai ruwa ba ya son a ci fiye da rabinsa. Na bolt 12, idan ya cika ya huta, yakan nuna kusan 12.7, da ya sauko wajen 12.2, an kai rabi ke nan. Na litiyam ya fi haƙuri, ana iya cin kashi 80 cikin 100, amma ya fi tsada. Zafi kuma maƙiyin batura ne, don haka a bazara ɗaki mai iska muke nema musu. Mun saita inbata ta ɗauke wuta da kanta kafin batir ya galabaita, ko da ana tsakiyar kallo ne yara na ƙorafi. Duhun dare ɗaya ya fi sauƙi a kan kuɗin sabon batir.

Sauran awon a hannunmu yake, ba na'urar da za ta yi mana. Guga, janyo ruwa daga rijiyar burtsatse da daskarar da ƙanƙara duk mun mayar da su tsakar rana, lokacin da wuta ke shigowa. Dare na fitilu ne da fanka da cajin waya.

Shawara ɗaya ga mai sha'awar fankar iska: ya fara duba filinsa. A cikin cunkoson gidaje iska a hargitse take, ba ta da albarka. Ko tashar iska mai megawat 10 ta jihar Katsina a filin Lambar Rimi aka kafa ta, ba a tsakiyar birni ba. Wanda gidansa ke cikin lungu, gara ya ƙara faifan sola, ya sayi kwantirola na ƙwarai, ya riƙa goge ƙura.