Tsakaninmu: Shafin Ƙarshen Maƙala

To, tunda mu ya mu ne, bari in faɗa miki abin da ba a cika faɗa a taron ƙara wa juna sani ba. Da yawa daga cikinmu masu tantance maƙala, in edita ya aiko mana da aiki, shafin manazarta muke fara buɗewa. A nan ake gane ko mutum ya zauna da littattafan da ya ambata, ko kuwa sunayensu kawai ya ji. Na ga kin yamutsa fuska, ƙanwata. Na san da ciwo a ce kin yi watanni kina bincike, sannan a dawo miki da aiki saboda waƙafi da aya. Amma ki saurare ni, maganar ta fi waƙafi zurfi.

Mu fara da mai sauƙin. Kafin ki tsara komai, ki karanta ƙa'idojin da mujallar ta gindaya wa marubuta, sannan ki ɗauko fitowarta ta baya-bayan nan ki ga yadda ake yi a aikace. Ilimi da kimiyyar zamantakewa, da sassan harsuna da yawa a jami'o'inmu, tsarin APA suke bi: suna da shekara cikin baka biyu. Likitoci na bin tsarin Vancouver, wanda ya samo asali daga zaman da wasu editocin mujallun likitanci suka yi a birnin Vancouver na Kanada a 1978, inda ake ba kowane aiki lamba bisa yadda ya fara bayyana a rubutu. Masana tarihi sun fi son Chicago da bayanansa na ƙasan shafi. In kuwa mujalla ta ce Harvard, ki yi hattara, don babu wata hukuma guda da ke riƙe da wannan tsari, kowa da irin nasa.

Ko APA ɗin ma, ki tambayi wane bugu. Na 7 ya fito a 2019, ya sauya abubuwa. An daina sa garin da maɗaba'a take. In marubuta sun kai uku, tun ambaton farko sunan na farkonsu za ki kawo ki ce da wasu, amma a jerin manazarta sai ki lissafa har mutum 20. Har yanzu ina ganin maƙalun da rabinsu bugu na 6 ne, rabi na 7, don an kwafo su daga wurare daban-daban.

Kwafon nan shi ne abin da ya fi damuna, kuma saboda shi na tayar da zancen. Mutum bai taɓa riƙe ƙamusun Bargery na 1934 ba. A kundin wani ya ga an kawo ma'anar wata kalma daga ciki, sai ya ɗauke ta har da lambar shafi, ya jera Bargery a manazartarsa kamar ya buɗe shi. In wancan ya yi kuskuren shafi, ko ya fahimci maganar a baibai, shi ke nan kuskuren ya sami sabon gida, daga nan kuma ɗalibi ya kwashe shi zuwa gaba. Mu da muka taso muna jin isnadi a makarantun soro bai kamata a koya mana wannan ba. Malaman hadisi sun ɗauki abin da muhimmanci har suka ware masa babi: mai ruwayar da ya ɓoye wanda ya ji magana daga bakinsa, ya nuna kamar kai tsaye ya ji daga na sama, ya yi tadlisi, kuma ana taka-tsantsan da ruwayarsa. Gyaran ba wuya. Ki je laburare ki nemo asalin. In bai samu ba, ki rubuta Bargery kamar yadda wane ya kawo, ki sa wanen a jeri, tunda shi kika karanta. Wallahi babu abin kunya a ciki, kuma mai tantancewa zai fi amincewa da sauran aikinki.

Sai sunayenmu, waɗanda ba domin su aka gina waɗannan tsare-tsare ba. Ibrahim Yaro Yahaya, mai Hausa a Rubuce na 1988, ya zo da sauƙi: Yahaya, I. Y. To Abubakar Tafawa Ɓalewa fa? Tafawa Ɓalewa sunan gari ne mai kalma biyu, wasu su jera shi ƙarƙashin T, wasu ƙarƙashin Ɓ. Shehu Usmanu ɗan Fodiyo kuwa kowane littafi da yadda ya rubuta sunansa, na Larabci daban, na Turanci daban. Abin da nake yi shi ne in bi abin da ke bangon bugun da na yi amfani da shi, in kuma tsaya a kan hanya ɗaya daga farkon maƙala har ƙarshe. Alhaji, Malam, Farfesa, duk ba sa shiga jeri, komai girman da muke ba masu su.

Shekara ma haka. Shaihu Umar da Ruwan Bagaja sun fara fitowa a 1934, amma wanda ke hannunki kusan tabbas sabon bugu ne, kuma shafukansa ba lallai su yi daidai da na farko ba. Ki nuna shekarun biyu, ki ba da shafin wanda kika karanta.

Ƙanwata, na san abin da za ki tambaya: tsofaffin da kika yi hira da su. A ƙa'idar APA, zantawar da mai karatu ba zai iya komawa gare ta ba, a cikin rubutu kawai ake ambatarta, da suna da cikakken kwanan wata. Wannan yana yi mini nauyi a zuciya, don tsohuwar da ta ba ki waƙar daɓe ta fi wasu littattafan sanin abin. Shi ya sa nake son al'adar mujallunmu da ke ware wa hirarraki wuri, da wurin da aka yi su da ranar. In mujallar ba ta da wannan, ki rubuta wa edita ki tambaya, kuma ki tabbata masu bayanin sun yarda a sa sunansu. Takardun ajami ko na Larabci da kika duba a Gidan Arewa ko ma'ajiyar tarihi ta ƙasa a Kaduna, kada ki baro wurin ba ki rubuta lambar ajiyarsu ba.

Manhajoji irin su Zotero da Mendeley suna rage wahala ƙwarai, musamman a Vancouver, inda matsar da sakin layi ɗaya ke rikita lambobi gaba ɗaya. Sai dai abin da aka zuba musu shi suke fitarwa. Bayanan da ake jawowa daga intanet sau da yawa sun zubar da lanƙwasar ƙ da ɗ da ɓ, ko sun juya suna, dole ki bi su da ido. Manhajojin ƙirƙirarriyar basira kuwa sukan ƙago maƙalar da babu ita a duniya, da sunan marubuci na gaske da mujalla ta gaske. Duk lambar DOI da kika sa, ki latsa ta ki ga ina ta kai ki.

Daren da za ki tura, ki buga aikin a takarda, ki riƙe biro. Duk sunan da ke cikin rubutu ki nemo shi a jeri, duk wanda ke jeri ki nemo shi a rubutu, ki duba ko shekarunsu sun dace. In idonki ya gaji, ki kawo mini nan gida bayan la'asar, ke ki karanto sunayen, ni ina yi musu alama.