Ma'adanar SSD da Muryoyin Tsofaffinmu

Mu ɗaliban Hausa, mafi yawan aikinmu daga bakin mutane yake somawa, ba daga littafi ba. Ni kaina shekara biyu ke nan ina bin tsofaffin garinmu Makera da wasu ƙauyuka na ƙasar Kurfi, ina ɗaukar tatsuniyoyi da waƙoƙin niƙa da kirarin mafarauta. Biyu daga cikin waɗanda na ɗauka Allah ya yi musu rasuwa, wato abin da ya rage na muryarsu shi ne abin da ke cikin kwamfutar da ke ɗakina. Saboda haka in na yi maganar ma'adanar kwamfuta, kada mai karatu ya ɗauka na bar fannina na shiga gonar injiniyoyi.

Tsohuwar ma'adana, wadda kamfanin IBM ya fara fitarwa a 1956, faifai ne mai juyawa, da ɗan hannu mai karanta shi. Na kwamfutocin gida yakan juya sau 5,400 ko 7,200 a minti guda, don haka ba ya son jijjiga. Ita kuwa SSD ba abin da ke motsi a cikinta. Tana riƙe bayani ne ta hanyar tsare ɗan cajin lantarki a cikin ƙananan gurabu, fasahar da Fujio Masuoka na kamfanin Toshiba ya ƙago a Japan cikin shekarun 1980. Duk wanda ya taɓa goya kwamfuta a babur daga Makera zuwa Dutsin-Ma ya san amfanin wannan bambanci.

Wajen saye, abu na farko shi ne mutum ya san ramin da kwamfutarsa take da shi. Tsofaffin kwamfutoci, irin na hannu da yawancinmu ke iya saye, SATA suke karɓa, mai gudun kamar megabait 550 a daƙiƙa. Sababbi suna karɓar NVMe, wadda ta ninka wannan sau da yawa. A ganina ɗalibi mai rubutu da sauraron murya ba zai ji bambancin ba, gwamma ya sa kuɗinsa a kan girma. Hirar awa ɗaya, in an ɗauke ta da inganci ba a matse ba, takan ci fiye da megabait 600, kuma SSD ba ta son a cika ta maƙil, don nauyi take yi. Sannan akwai jabu a kasuwa, mai nuna terabait biyu alhali cikinta bai kai ko kusa ba. Manhajar H2testw tana tona asirin irin wannan, in dai mai kaya ya yarda a gwada kafin a biya.

Mutane sukan ce rubutu yana cinye SSD. Gaskiya ne, amma tsoron ya yi yawa. Alal misali, Samsung 870 EVO mai gigabait 500 an lamunce mata rubutun terabait 300. Wanda ke zuba gigabait 20 kullum sai ya shekara arba'in kafin ya kai nan.

Abin da ya fi damuna daban ne. Faifai in zai mutu sau da yawa yakan yi ƙara, ya ba mutum damar kwashe kayansa. SSD takan mutu shiru, musamman in wuta ta ɗauke tana tsakiyar rubutu, kuma ceto bayani daga cikinta ya fi wuya ƙwarai. Bugu da ƙari, cajin nan da take tsarewa yana zurarewa sannu a hankali in an ajiye ta ba wuta. Ƙa'idar hukumar JEDEC ta nemi SSD ta gida da ta gama cin rubutunta ta riƙe bayani shekara ɗaya a zafin digiri 30. To, ɗakin kwano a Makera cikin watan Afrilu ya wuce digiri 30 nesa, zafi kuwa ƙara saurin zurarewar yake yi.

Don haka a SSD nake aiki, amma kowace hira tana da kwafi a faifai mai juyawa da ke cikin akwati, da wani kwafin a wurin wani ɗan'uwana a Katsina. Duk wata nakan buɗe CrystalDiskInfo in duba lafiyar ma'adanar. Waƙoƙin tsofaffin nan biyu kuwa, su na fara juyawa zuwa rubutu a takarda, na kuwa kusa kammala na ɗayarsu.